Tudun da ya sa na sauka na tura keke: laifin ƙafa ne ko na giya?

Nura:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Zan faɗi abin kunya. Wanda zai yi dariya ya yi, amma ya bar mini shawara kafin ya wuce.

Wata shida ke nan da na fara fita da keken tsere. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ni da matsala, nakan yi kilomita 50 in dawo in shiga harkokina kamar ban je ko'ina ba. To ranar Asabar na ce bari in gwada wata hanyar karkara da aka daɗe ana kwarzanta mini, kuma gaskiya ba a yi ƙarya ba. Na fita da duku-duku, raɓa ba ta bushe ba, gonaki dama da hagu, hazo kwance a cikin kwari kamar an baza auduga. Ba mota, ba hayaƙi, sai ƙarar sarƙata da kukan tsuntsaye. Ana haye wata 'yar gada sai hanya ta ɗaga kai. Kilomita uku ne kacal zuwa sama, haka wayata ta nuna.

Na miƙe tsaye a kan feda na afka wa tudun da duk ƙarfina. Kafin kwana ta biyu ƙirjina ya ɗau zafi, bakina ya yi ɗaci kamar na tauna ƙarfe, tayar gaba ta fara yawo. Na laluba giya mai sauƙi, ashe tuntuni ta ƙare. Na dire ƙafa. Ina nan ina haki sai ga wani dattijo yana turo nasa tsohon keken da kaya niƙi-niƙi a baya. Ya dube ni ya ce, "Sannu da ƙoƙari, yaro." Tare muka ƙarasa muna turawa, ni da hular kwano da matsattsun kaya, takalmina yana ƙwas-ƙwas a kan kwalta.

Tambayata: in sayar da keken nan in nemi mara nauyi, ko kuwa ni ne dai ban isa ba?

Sadiq:
Wa alaikumus salam. Yaya Nura, kekenka kilo nawa ne? In ya haura 10 to an gama magana, nan matsalar take. Na 'yan gasa kusan kilo 7 ne, kuma dokar hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ce ma ta hana su sauka ƙasa da 6.8. Ka sauya keke kawai ka huta.

Malam Idi mai gyara:
Kada ka sayar da komai tukuna. Je ka durƙusa gaban keken, ka ƙirga mini haƙoran ƙaramin farantin gaba, sannan ka ƙirga na babban farantin da ke cikin jerin na baya. Sau da yawa ma lambar tana rubuce a jikinsu, ka goge baƙin mai za ka gani. Ina jira.

Nura:
Na ƙirga, Malam. Na gaba 39, na baya 25. Keken kilo 10 da rabi. Ni kuma 82, tunda dai yau ranar tonon asiri ce.

Malam Idi mai gyara:
Ai ka ji. Wallahi tun kafin ka ƙirga na san abin da za ka faɗa. Wannan giyar ta 'yan tseren da ce, mutanen da ba su da aiki sai keke. Kai da ka fara wata shida an ɗora maka ita an ce ka hau dutse, ai ba a yi maka adalci ba.

Abin da ake sa wa mai hawan tudu yanzu shi ne 34 a gaba, 32 ko 34 a baya. Da 39 da 25, duk zagaye ɗaya na feda keken yana tafiya sama da mita uku. Da 34 da 32 kuwa mita biyu da ɗan ɗoriya ne. Wato nauyin da kake ɗagawa a taku biyu sai a raba maka shi uku. Tudun bai ragu ba, amma kowane taku ya yi sauƙi, gwiwa ba za ta yi kuka ba.

Sai dai ka kula, ba kowane mai canza giya na baya ne ke ɗaukar 32 ba. In naka mai gajeren hannu ne sai an sauya shi, kuma sarƙa ma sai an sa mai tsawo. Kada wani ya cusa maka babban faranti a kan tsohuwar sarƙa, ranar da ka haɗa babba da babba za ta fizge maka komai.

Injiniya Kabiru:
Bari in sa lissafi a maganar Malam Idi, don ƙanena Sadiq ya gani da idonsa. A shimfiɗe, abin da kake faɗa da shi iska ce, shi ya sa Nura ke yin kilomita 50 bai ji ba. Da zarar hanya ta miƙe sama gudu ya ragu, iska ta zama ƙaramin alhaki, nauyi ya zama sarki. Amma nauyin wa? Na mutum da keke da goran ruwa gaba ɗaya. Nura da kekensa sun kai kilo 93. A ce ya samo keke mai kilo 8, ya rage biyu da rabi ke nan, bai kai kashi 3 cikin ɗari ba. Hawan da zai ɗauke shi minti 20, abin da zai samu kusan rabin minti ne kawai. Rabin minti ba ya hana mutum dire ƙafa.

Ga abin da ya dire masa ƙafa. In gudunsa ya sauka zuwa kilomita 7 a awa, da giyar da yake da ita ƙafarsa tana zagaye kusan 36 ne kawai a minti. Wannan ba tuƙa keke ba ne, ɗaga ƙarfe ne. Masu hawa suna son su riƙe 70 zuwa 90. Da 34 da 32, a wannan gudun dai, zai samu 52 ko makamancin haka. Bai kai yadda ake so ba, amma ana rayuwa a ciki.

Sadiq:
To in nauyin keke ba komai ba ne, me ya sa manyan ƙungiyoyi ke kashe maƙudan kuɗi don rage giram ɗari? Su ba su iya lissafi ba ne?

Injiniya Kabiru:
Sun iya mana. Su daƙiƙa goma tana raba na ɗaya da na biyar, kuma jikinsu babu sauran abin ragewa. Mu kuwa akwai inda za a rage, kuma ba a jikin keken yake ba. Kowa ya shafa cikinsa ya ba kansa amsa.

Hajiya Binta:
Injiniya, a bar cikin mutane ya huta.

Nura ƙanena, duk sun yi maganar ƙarfe, ni zan yi maganar abin da ka rubuta da hannunka. Ka ce ka miƙe tsaye ka afka wa tudun da duk ƙarfinka. Nan ka faɗi, ba a kwana ta biyu ba. Ko giyar babur aka sa maka, in ka shiga haka sai ka sauka.

Shekara tara ina hawa, kuma har yau in na iso gindin tudu abu na farko da nake yi shi ne in rage gudu tun kafin tudun ya tilasta mini. Ina sauya giya tun sarƙa ba ta ɗau nauyi ba. Ina zama daram a kan sirdi, in ɗan ja baya, hannuwa a saman kan keken ba a ƙasa ba don ƙirji ya buɗe, kafaɗu a sake. Ma'aunina ɗaya ne: in ba zan iya furta jimla guda cikakkiya ba tare da numfashi ya yanke ta ba, to na yi sauri. Kashi na farko na tudun ya kamata ka ji kamar kana wasa, har ka ji kunyar yadda kake tafiya. Na tsakiya ka ji aiki. In akwai saura a na ƙarshe, sai ka zuba shi duka.

Tsayawa a kan feda yana da ranarsa: wurin da hanya ta ɗan ƙara miƙewa na 'yan mitoci, ko don ka huta da zama. Amma yana cin numfashi, musamman ga mai jiki. Kuma ka daina kallon ƙololuwa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, sau nawa mutum zai ga kamar ga sama nan, ya sha kwana ya tarar da wani hawan yana jiransa. Ka zaɓi bishiya ko dutse a gabanka, ka kai gare shi, ka zaɓi wani.

Baba Lawal:
'Ya'yana, ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne yaron nan ya kira tura keke abin kunya. Bari in ba ku labarin waɗanda suka fara.

An fara gasar Tour de France a 1903, amma sai a 1910 aka shigar da manyan duwatsun Pyrenees, ciki har da Tourmalet mai tsayin mita 2,115. Hanyar a lokacin ba kwalta, tsakuwa ce da turɓaya. Octave Lapize, wanda ya lashe gasar ta wannan shekara, da ƙafa ya tura kekensa a wasu wurare na dutsen. Labari ya shahara cewa da ya iso wani dutsen na gaba ya hangi masu shirya gasar, sai ya kira su masu kisan kai. Kuma ku sani ba a yarda a yi amfani da na'urar canza giya a wannan gasa ba sai 1937. Kafin nan in mutum yana son giya mai sauƙi, sai ya sauka, ya kwance tayar baya, ya juya ta ɗaya gefen, ya ɗaure.

Wanda ya fi ba ni tausayi Eugène Christophe ne. A 1913 yana gangarowa daga Tourmalet ƙarfen da ke riƙe tayar gaba ya karye. Ya saɓa keken a kafaɗa ya taka kilomitoci da dama har ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, ya shiga maƙera. Doka ta ce ba mai taimaka wa ɗan gasa, don haka da hannunsa ya yi ƙirar, alƙalai suna tsaye a kansa. Da ya gama sai aka ci shi tarar mintuna, wai don wani yaro ya zuga masa zugazugi. Ku ji fa.

Sadiq:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma wannan zamanin da ne. Yanzu in ka dire ƙafa, ba ka hau tudun ba, ka ziyarce shi ne kawai. Ni haka na ɗauka. Manhajar Strava mai auna lokacin 'yan keke ma ba ta tsayar maka da agogo don ka tsaya hutawa.

Baba Lawal:
Zamanin da? A 2016 Chris Froome, yana sanye da rigar ɗorawa ta jagoran gasar Tour de France, da ƙafa ya riƙa gudu a kan dutsen Ventoux bayan sun yi karo da babur ɗin masu ɗaukar hoto kekensa ya lalace. Duniya tana kallo. Sannan je ka kalli tseren Flanders a Beljiyam, wurin da ake kira Koppenberg. Bai wuce mita 600 ba, amma shimfiɗar duwatsu ce, kuma akwai inda tsininsa ya kai kashi 22 cikin ɗari, wato ka ɗaga mita 22 a kowace mita 100. In an yi ruwa, mutum ɗaya ya zame a gaba, sai ka ga ƙwararrun duniya a jere suna tura kekuna kamar masu dawowa daga gona. Su ma ziyara suka je?

Sadiq:
Wannan dole ce ta sa su, Baba, ba gajiya ba.

Hajiya Binta:
Shi ma Nura dole ce ta sa shi. Ko ka ga alamar da son ransa ya sauka?

Zainab:
Ni Sadiq nake so in yi wa tambaya. Tudun da ka fi yawan hawa, me ke gefen hagunsa in ka kai tsakiya?

Sadiq:
Anti Zainab, wace irin tambaya ce wannan? Ni agogo nake kallo.

Zainab:
Na san haka, shi ya sa na tambaya. Ni ma na yi wannan rayuwar. Shekarun baya Allah ya nufa na je Alpe d'Huez a Faransa, dutsen da na daɗe ina mafarkinsa. Kilomita 13.8, matsakaicin hawa kashi 8 cikin ɗari da 'yan kai, wuraren shan kwana 21. Kowace kwana da allonta, an fara ƙirga daga 21 a ƙasa ana raguwa har 1 a sama, kuma a jikin allunan an rubuta sunayen waɗanda suka taɓa lashe zangon Tour de France na wannan dutse, tun daga Fausto Coppi a 1952. Na sa a raina sai na yi shi cikin wani lokaci da na yanka wa kaina. Kilomita biyun farko su ne mafi tsanani, suna haura kashi 10, kuma nan na ƙone kaina kamar yadda Nura ya yi. Sauran hanyar ban ga komai ba sai tayar gaba da lambobin da ke kan ƙaramar kwamfutar keke. Na kai sama, na samu lokacin da nake nema da kyar, na zauna a gefen hanya ina jin amai.

Washegari wata tsohuwa a masaukinmu ta tambaye ni ko na ga 'yar majami'ar da ke kwana ta bakwai, da yadda kwarin ke buɗewa a ƙasa. Ban ga ko ɗaya ba. Na ƙetare teku na zo, na hau dutsen, kuma da za a nuna mini hotonsa ba zan gane shi ba. Kwana biyu bayan nan na sake hawa, na ƙara kusan rabin awa a kan lokacina, na tsaya sau uku. Wannan na biyun shi ne nake iya ba da labarinsa.

Sadiq:
Na ji, kuma na yarda akwai daɗi. Amma Anti, ku ma ku yi mana adalci. Wanda bai taɓa zuba duk abin da ke jikinsa a kan tudu ya ga ya rage daƙiƙa 20 daga lokacinsa na wancan wata ba, bai san wani irin daɗi ba ne. Ba don in burge kowa nake yi ba. Tudu ba ya ƙarya, shi ya sa nake son sa. A shimfiɗe kana iya laɓewa bayan wani ya tare maka iska, a kan tudu kuwa kai ne da abin da ka tara. A Ingila ma akwai gasar da ba a yin komai a cikinta sai hawan tudu ɗaya, mutum ɗaya bayan ɗaya, a watan Oktoba suke yin ta ƙasa. Wasu hawan minti uku ne ko huɗu, a sama akwai masu jiran su tare mutum kada ya faɗi. In kallon gonaki nake so, ai sai in tafi da ƙafa.

Injiniya Kabiru:
A nan kam ina bayan Sadiq rabi. Gajeren tudu mai tsini da dogon dutse ba sana'a ɗaya ba ce. Na farko ana cin sa da bashi, ka ranci numfashin da ba ka da shi ka biya a sama. Na biyu ba ya karɓar bashi ko kaɗan. Ku ɗauki Alto de Letras a Kolombiya: kusan kilomita 80 ana hawa, daga ƙasa mai zafi har sama da mita 3,600. Matsakaicinsa bai wuce kashi 4 ba, amma wuni guda ne, kuma a can sama iskar ta yi siriri, ƙarfin da kake da shi a ƙasa ba za ka same shi ba. Ko Stelvio a Italiya, mita 2,757, kwana 48 ta ɓangaren Prato, an jera su a jikin dutse kamar an ninke igiya. Wanda ya shiga irin waɗannan da halin minti huɗu, mota ce za ta dawo da shi.

Abin da ke ruɗin sababbi kuma shi ne kalmar matsakaici. Kashi 6 na nufin a kowace mita 100 ka ɗaga mita 6. Amma tudu mai matsakaicin 6 yana iya zama 3 a farko, 12 a tsakiya, shimfiɗe a ƙarshe. Nura, ka duba zanen tudun naka a waya kafin ka koma, ka san inda muguntarsa take. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Baba Lawal:
Kuna ta Turai da Kolombiya, kada ku manta nahiyar Afirka. Hanyar da ta taso daga Massawa a bakin Bahar Maliya zuwa Asmara a Eritiriya tana ɗagawa daga gaɓar teku har sama da mita 2,300 cikin kilomita ɗari da 'yan kai. Ba banza ba ƙasar ta fitar da Daniel Teklehaimanot, wanda ya sa rigar sarkin dutse mai ɗigo-ɗigon ja na 'yan kwanaki a Tour de France ta 2015, da Biniam Girmay da ya ci zango uku da koriyar rigar gwarzon maki a gasar ta 2024. Ga Ruwanda kuma, ƙasar tuddai dubu. A 2025 aka yi gasar duniya ta keken kwalta a Kigali, karo na farko a Afirka, tseren maza ya haɗa hawan sama da mita 5,000 a rana ɗaya, Tadej Pogačar ya lashe. Da ina da sauran gwiwa, can zan nufa kafin ko'ina.

Zainab:
Baba, gwiwarka ta fi ta wasu samarin zauren nan. Ni wanda ke raina yanzu Sa Calobra ne a tsibirin Mayoka na Sifaniya. Abin da ya bambanta shi, daga sama ake zuwa masa. Sai ka gangara kusan kilomita 10 har bakin teku inda hanyar ta ƙare, sannan ka juyo ka hau abin da ka gangaro. Wato kana sauka kana ƙirga bashin da ke jiranka. Akwai ma inda hanyar ta zagayo ta bi ta ƙarƙashin kanta kamar ƙulli.

Malam Idi mai gyara:
Tunda an ambaci gangara bari in sa baki, don ita ce ke kawo mini kekuna a lanƙwashe, ba hawa ba. Kowa yana koyon hawa, ba mai koyon sauka.

Mai birkin roba da ke kama bakin wili, in ya riƙe birki tun daga sama har ƙasa bai saki ba, wilin yana yin zafin da ba za ka iya taɓa shi ba. Robar ta daina kamawa, wani lokaci ma tayar ta fashe. Mai birkin faifai ya fi samun sauƙi, amma shi ma in aka matsa masa yana sanyin hannu. Ana kamawa ne da ƙarfi a saki, a kama a saki, iska ta samu ta sanyaya shi. Kuma birkin gaba shi ne mai tsayar da keke, kada tsoro ya sa ka dogara da na baya kaɗai, zamewa zai yi. Ka ja jikinka baya kawai.

Hajiya Binta:
Ƙwarai kuwa. A gama rage gudu kafin a shiga kwana, ba a cikinta ba. Fedar da ke waje tana ƙasa, ka danna ta da nauyinka, idonka a inda kake son zuwa ba a ramin da kake tsoro ba, don keke idon mai shi yake bi.

Ni na koya da fatar jikina. Wata safiya ina gangarowa a wata hanyar da na sani kamar tafin hannuna, ashe ruwan daren ya wanko yashi ya zuba a cikin kwana. Na gan shi a makare, na damƙe birki ina tsakiyar karkata. Ban san lokacin da na kai ƙasa ba. Abin da na fara ji shi ne tayar baya tana ta juyawa ita kaɗai, tik-tik-tik, ga wata saniya ta ɗago kai daga ciyawa tana kallona tana tuƙa. Hular kwanon ta tsage gida biyu. Na ajiye ta har yau, duk wanda ya ce mini zafi take sa shi, ita nake ɗauko masa. Hanyar karkara daɗinta shi ne ba kowa, haɗarinta ma shi ne ba kowa. Na fi minti 40 a zaune kafin wani ya wuce.

Baba Lawal:
Allah ya kiyaye gaba, Hajiya. Ƙwararru ma gangara ba ta bar su ba. Fabio Casartelli, mai lambar zinare ta Olamfik, a gangaren Portet-d'Aspet ya rasu a 1995. Gino Mäder kuma a 2023, a gasar Suwizalan. Hular kwano ma sai a 2003 aka wajabta ta ga 'yan gasa, bayan rasuwar Andrei Kivilev. Su an tare musu hanya, ba mota mai zuwa. Mu kuwa ba mu san abin da ke bayan kwana ba.

Injiniya Kabiru:
Ƙarin abu ɗaya ga mai niyyar dogon dutse: duk mita 1,000 da ka ɗaga, zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Ka iso sama jiƙe da gumi, ka juyo kana gudun kilomita 50 ba ka taka feda, cikin minti biyar yatsu sun ƙage ba sa iya kama birki. 'Yar rigar tare iska a aljihun baya ba ta da nauyi. Kuma a ci wani abu tun ba a ji yunwa ba, a sha ruwa tun ba a ji ƙishi ba. In ƙarfi ya yanke a tsakiyar dutse, ba ya dawowa da roƙo.

Sadiq:
To ni yanzu an mai da ni mugun zauren. Ban ce kowa ya kashe kansa ba fa. Yaya Nura, in ka shirya komawa ka yi mini magana, zan bi ka a baya, ba zan wuce ka ba ko sau ɗaya. Zan ma duba abin da ke gefen hagu saboda Anti Zainab.

Zainab:
Ka zo mana da hoto, ba mu yarda da baki ba.

Nura:
Jama'a, na dawo da rahoto bayan mako uku. Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa.

Farantin gaba bai samu ba, an ce sai an sauya har da hannun feda, don haka 39 ɗin tana nan. Amma an sa mini 32 a baya da sabuwar sarƙa da mai canza giya mai dogon hannu. Jiya muka koma da Sadiq. Tun daga kan gadar na zuba giya mafi sauƙi kamar yadda Hajiya ta ce, ina tafiya kamar hawainiya, har na ji kunya da gaske. Na wuce kwana ta biyu ina iya magana. Ashe muguntar tana bayan kwana ta huɗu, wani wuri da bai kai mita 200 ba, wayar ta nuna kashi 13. Nan na tsaya sau ɗaya, na jingina da kan keke na ƙirga numfashi 30, na sake hawa. Tashi a kan tudu ma ashe wani ilimi ne, sai da na karkata keken na ɗan yanka hanya a gicciye kafin ƙafa ta biyu ta samu feda. Ban tura ba ko taku ɗaya. Minti 24.

A sama akwai wata babbar bishiya da faffaɗan dutse a gindinta, daga nan ana hango gadar 'yar mitsitsiya da rafin yana ƙyalli. Wancan karon ban lura da su ba sam.

Sadiq ya cika alƙawari har wurin kashi 13 ɗin, daga nan ya ce wai ƙafarsa ce ta ƙi jin magana, ya wuce fuu.

Sadiq:
Na dawo na same ka ai! Kuma a gefen hagu akwai gonar da aka kewaye da duwatsu, da wata bukka mara rufi. Ga hoto nan, Anti.

Malam Idi mai gyara:
Nura, sabuwar wayar giya tana miƙewa a makon farko. In ka ji giyar ta fara tsalle ko tana ƙara a babban faranti, kada ka taɓa ƙananan sukurorin nan biyu na jikin mai canza giya. Ɗan maɗaurin da ke inda wayar ta shiga za ka juya, rabin zagaye kawai, ka gwada, in bai yi ba ka ƙara rabi.